Igiyar da Na Bari a Bakin Ruwa

Akwai wata Juma'a da har in koma ga Mahaliccina ba za ta bar zuciyata ba. Shekaru sun shuɗe, gemuna ya fara furfura, amma ko yau na ji mashin ya taso da gudu daga bayana sai na ji gabana ya yanke ya faɗi.

Ni masunci ne, a wani ƙauye da ke bakin tafkin Kainji, kusa da Wara. A wajenmu idan bazara ta yi, ruwa yakan ja baya ya bar fili fetal, ƙasa ta bushe ta yi tauri. A nan muke shanya taru, wato babbar komar da muke ja, a nan mata ke shanya kifi. To, a wannan filin ne samarinmu 'yan kabu-kabu suka ɓullo da tseren mashin duk Juma'a bayan la'asar. Ba kuɗi ake sawa ba, suna kawai ake nema, a kwana bakwai ana zancenka a tasha. Ba mai sa hular kwano. Wanda ma ya kuskura ya sa, dariya za a yi masa a ce ya kifa tukunyar Inna a kai. Mu manya da ya kamata mu tsawata, mu ne a sahun gaba wajen kallo, kuma ban cire kaina ba.

Gwanin tseren nan ƙanen matata ne, autan gidansu. Yaro ne mai fara'a, siriri, ga bakin tsiya. Tun da na auri yayarsa muke wasa da shi, ba ya ganina bai ce ina warin kifi ba, ni kuma in ce masa da sadakin da na biya aka yi masa kaciya. Duk wanda ya gan mu zai ɗauka faɗa muke, alhali ko cikin 'yan'uwana na jini babu wanda nake so kamarsa. A lokacin bai fi wata huɗu da aure ba.

Da safiyar ranar na fito daga ruwa na shanya taruna. Akwai wani kututturen tsohon icce can nesa da gari, irin waɗanda ruwa ya cinye tun da aka yi madatsa, sai ya ja baya ake ganinsu. Na ɗaura igiyar roba a jikinsa, na ja ta na kai wani turke da na kafa, na ɗaure tamau daidai ƙirjina, na rataya tarun. Kafin azahar ya bushe, na naɗe abina. Na tsaya na dubi igiyar, na ce a raina gobe ma ai nan zan dawo, wahalar me zan yi. Siririya ce, rana ta cinye launinta har ta yi kama da ƙasar wurin. Na saɓa taru na tafi shirin masallaci.

Da la'asar na isa fili na tarar ana gardama. Wurin da aka saba tseren, manoma sun bi danshi sun shuka masara, sun ce ba mai taka musu. Sai aka ce to a koma ɓangaren masunta. Na ji da kunnena wani ya ce a kewayo kututture a dawo. Wallahi na ji. Amma hankalina ba ya nan, yana kan autan, wanda na hango zaune bisa mashin ɗinsa a gefe yana cin gyaɗa, bai shiga layi ba.

Na ce, "A'a, ango, mi ya faru? Ko amarya ta hana?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, yau kallo ni ka yi. Na yi ma Inna alkawali na bari."

Na ce, "Faɗi gaskiya dai, aure ya sa ma tsoro. Ga yara sunka taso, ka san kashi za ka sha."

Mutane suka fashe da dariya. Ya dube ni yana murmushi, ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya ce, "Don in rufe maka baki, sau guda. In na ciwo, kifin miya na sati bisa kanka." Ya tayar da mashin ya shiga layi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan da shi a duniya.

Su shida ne. Aka jefa hula sama suka tashi, ƙura ta turnuƙe. Ina tafi ina ihu tare da kowa. Sai da na ga sun miƙe sun nufi kututturen sannan abin ya faɗo mini. Na zabura da gudu ina kiran su tsaya, na tuɓe riga ina kaɗawa sama. Wa zai ji ni cikin ƙarar mashin shida? Waɗanda ke bayana ma sun ɗauka murna ce ta ɗebe ni, wasu har suka biyo ni suna kaɗa nasu rigunan.

Shi ne a gaba, ya ba na biyu rata mai yawa. Ina kallo mashin ya wuce shi kaɗai, shi kuma ya yi baya kamar an fizge shi, ya faɗo da ƙeya. Igiyar ta tsinke, shi ya sa sauran suka tsira.

Da muka isa idonsa a buɗe yake amma ba ya ganin kowa. Ga shatar igiya a ƙasan wuyansa, jini na fita ta kunne. Babu wanda ya san abin da ake yi wa mai irin wannan rauni. Muka ɗaga shi yadda muka ga dama, muka ɗora bisa mashin, ni na zauna a baya na rungume shi, kansa na lilo a kafaɗata har Wara. Ma'aikacin asibitin da ya duba shi ya ce a wuce da shi Yelwa maza. Ya ƙara da cewa ciwon wuyan mai sauƙi ne, bugun kan ne abin tsoro, da da hula a kansa da wata maganar ake. Aka samo mota. Ba mu yi rabin hanya ba na ji jikinsa ya saki a hannuna. Direba ya tsaya ya duba, ya yi salati, ya juya da motar.

An yi jana'iza washegari da safe. A wajen zaman makoki tambaya ɗaya ce a bakin kowa: igiyar wa ce? Duk masunci yana da irinta, ba mai iya shaidawa. Na buɗe baki sau nawa in ce tawa ce, sai in dubi surukina, dattijon da ya ba ni 'yarsa ya kuma koya mini rabin abin da na sani a ruwa, in fasa. Ina tsoron fushin samari, amma abin da na fi tsoro shi ne matata. Ita ta goyi autan nan a bayanta. Na tabbata in ta ji, zamanmu ya ƙare. Sai na yi shiru, ina karɓar gaisuwa, ana cewa Allah ya saka mini da na ɗauke shi a hannuna.

Shirun nan bai tsaya a kaina ba. Akwai wani baƙon masunci da ya zo cin rani da iyalinsa, ya kafa bukka ba nisa da kututturen. Ba ya jin Hausa sosai, ba shi da kowa a garin. Kafin kwana biyu zance ya zaga cewa igiyarsa ce. Mata suka daina sayen kifinsa. Matata, wadda ban taɓa jin ta zagi kowa ba, tana kuka tana cewa Allah ya isa tsakaninta da shi, ni kuwa ina zaune a gefenta ina cewa ta yi haƙuri. Duk abin da na yi a rayuwata, babu wanda nake jin kunyarsa kamar wannan.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a da hantsi, na ji abokan marigayin suna shawara a bayan zaure. Sun ce da an watse za su je su ƙone komar baƙon, su fasa jirginsa, ya bar musu gari. Na san za su aikata. Na tuna yaransa uku da nake gani suna wasa a bakin bukka. Na tashi na tuɓe takalmi na shiga zaure, na durƙusa gaban surukina cikin mutane.

Na ce, "Baba, igiyar nan tawa ce. Ni na ɗaura ta, na yi ƙyuyar kwancewa. Kuma yaron ga ya ce ba ya tsere ranar, ni na tsokane shi har ya shiga."

Wani saurayi ya yunƙuro, aka riƙe shi. Dattijon ya dubi tabarma, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "Ka yi nauyin baki, amma ka faɗi. Igiya taka ce. Mashin kuwa ni na saya mai. Waɗanda sunka sauya hanya ba su taka sun duba ba, ga su nan zamne. Mu da munka san ana wanga wasa ba mu hana ba, ga mu. Kowa shi ɗauki nashi shi kai gaban Allah. Ku tashi ku tai ku ba bawan Allah can haƙuri, kai ka shige gaba."

Haka aka yi. Na tsaya a ƙofar bukkar baƙon na faɗi abin da na yi. Ya dai gyaɗa kai. Bayan kwana biyu ya kwashe iyalinsa ya bar garin, ban sake ganinsa ba.

Saura matata. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na same ta zaune a bakin murhu ba wuta. Na fara magana ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Malam, igiya mantuwa ce, kowa na mantuwa. Tsokana kuwa wasanku ne, shi ma da yana nan zai ce haka. Amma kwana ukku kana zamne kusa gare ni ina ja ma bawan Allah Allah ya isa, kana ce min in yi haƙuri. Wannan ne ban san inda zan aje shi ba."

Ta tafi gidansu ta yi wata biyu. Ban aika biko ba, don ban ga da wane baki zan yi ba. Surukina ne da kansa ya rako ta wata safiya, ya ce mu ji tsoron Allah mu zauna. Muna tare har yau, mun aurar da 'ya'ya, ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Amma na san akwai wani abu da ta daina ba ni tun ranar, kuma ban ga laifinta ba.

Tseren ya mutu na shekara biyu, sannan wasu yaran suka taso suka farfaɗo da shi. Na yi faɗa har na gaji, ba su bari ba. Abin da na iya shi ne, ba a tashi sai an taka filin da ƙafa daga farko har ƙarshe, kuma marar hular kwano ba ya shiga layi. Suna ce mini tsoho mai tsegumi, ina jin su.

Na yarda da ƙaddara, kwanan yaron nan ya ƙare ne. Sai dai na koyi cewa ba a fakewa da ita a bar abin da hannu zai iya, domin kwance igiyar nan ba zai ɗauke ni minti biyu ba. Na koyi kada in tura mutum cikin haɗari don a yi dariya, musamman wanda ya riga ya ce ya bari. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne na gane kuskure da ɓoye kuskure ba ɗaya ba ne. Na farkon ya raba ni da ƙanena, kuma an yafe mini shi tun a zaure. Na biyun da hankalina na yi shi, shi ne har yau nake nema wa gafara.