Ramuwar Mai Zanen Zakara

Orville Tackett bai iya yafiya ba, kuma bai taɓa cewa ya iya ba. Mutumin Kentucky ne, ubansa mai rubuta allunan shaguna, shi ya sa da ya shiga sojan ruwa aka miƙa masa burushi maimakon bindiga. Aikinsa fentin jiragen yaƙi a kan wani ƙaton jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama, wanda mazauninsa San Diego. Siriri ne, magana ba ta dame shi ba, farcensa kullum da guntun fenti.

A wutsiyar jirgin wani matuƙi, Laftanar Haskins, ya zana abin da ya fi so a duniya: baƙin zakara ya buɗe fukafukai, ƙafa ɗaya a sama zai kai shuri. Gashi ɗai-ɗai ya bi ya fitar. Ko matarsa Wilma ba ta samun irin kallon da zakaran nan yake samu.

Wata rana Haskins ya dawo daga atisaye a gajiye, ya hango jirgin ruwa ya sauka, ashe na wasu ne. Daga sama duk kamarsu ɗaya. Al'adar kuwa kowa ya san ta: wanda ya yi wannan ɓatan kai, sai an cika masa jirgi da rubutun tsiya kafin a sallame shi, amma da fentin da ruwa ke wankewa. Mai fentin can, wani ɗan Louisiana mai rawar kai, Lucian Broussard, ya wuce gona da iri. Da fentin gaske ya fige zakaran tas, ya zaunar da shi a tukunya har da albasa, ya sa sunansa a ƙasa.

"Yi haƙuri, Tackett," in ji Haskins da ya komo jirgin ruwansu, yana sosa ƙeya. "Wasa ne."

"Na gani, Yallaɓai. Wasa ne."

Da hannunsa Orville ya kankare wutsiyar har ƙarfe, hawayen takaici na zubo masa, abokan aiki a bayansa suna kukan kaza. Daga ranar sunansa ya koma Farfesu. Bai sake zana zakara ba. Shekaru suka shuɗe, aka yi masa tayin aiki a tudu kusa da iyalinsa, ya ce a bar shi a teku. Jira yake yi, kuma kowa ya san wa yake jira.

Ranar ta zo da hantsi. Wani baƙon jirgi ya sauka, matuƙin ya leƙo ya ga baƙin fuskoki, ya dafe kai. A wutsiyar akwai koren kada, da sunan Broussard a ƙasa.

"Farfesu, yau kakarka ta yanke saƙa," in ji wani makanike. "Me za a sa masa, siket ko jan-baki?"

"Ku yi haukanku a jikin jirgin. Wanda ya taɓa wutsiyar nan, ni da shi ne."

Ya hau tsani ya daɗe yana kallo. Kadan ba laifi, sai dai idonsa a mace yake, ƙafar gaba ta karkace, haƙoran kamar na tsohon matsefi. Orville bai ɓata komai ba, gyarawa ya yi. Ya sa wa idon wuta, ya miƙe ƙafar, ya bi ɓawon bayan ɗaya bayan ɗaya, har kadan ya zama abin da mutum zai gani ya ja da baya. Sunan Broussard kuwa ya bar shi inda yake.

Muguntar ta yi aiki fiye da yadda ya zata. Kwamandan can da ya ga wutsiyar ya ce kada a taɓa ta, kuma duk jiragen rundunarsa a yi musu kada irin wannan sak. Broussard ya kwashe watanni a kan tsani yana kwaikwayon hannun Orville, ana dawo masa da aiki ana cewa bai kai na farko ba.

Sun haɗu sau ɗaya, a wani shagon gahawa a bakin tashar San Diego. Broussard ya rame, ya tsaya a kansa ya ce, "Kai ne Tackett? Wallahi da jan-baki ka shafa masa, da ya fi mini sauƙi."

"Na sani," in ji Orville, ya ci gaba da kurɓar gahawarsa.