Tsoho Mai Zakara a Hammata

Sau uku ke nan tsohon yana wucewa ta gaban teburin Salima mai suyar kifi, a tashar kamyo, wato manyan motocin kaya, ta Gaya. Siriri ne, gemunsa fari, ga takalman roba har gwiwa cikin wannan zafi. A hammatarsa akwai wani jan zakara mai harara. Bayan hannuwansa duk karce ne, sabo a kan tsoho.

Yana tsayawa gyara riƙo, zakaran ya miƙa wuya ya kai wa wani direba sara. Direban ya ajiye kifin da ya zaɓa, ya yi gaba.

"Baba, na sayarwa ne?" in ji Salima, ranta a ɓace.

"Ladabi nake koya masa, 'yata. An ce in ana yawo da shi cikin mutane, girman kansa zai karye."

"Cinikina dai yake karyawa. Wuƙa ta fi sauri, ga mai a kan wuta."

Tsohon bai ji haushi ba, sai shafa wuyan zakaran yake yi da yatsa ɗaya. Salima tana kallon rigarsa, farin yadi an yi masa faci da baƙin zare, ɗinkin namiji. Ta raya a ranta babu mace a gidansa, 'ya'ya kuma wataƙila sun tsallaka gadar kan iyaka tuntuni.

"Kullum na buɗe ƙofa, da gudu yake taho mini," in ji shi. "Faɗa ne, na sani. Amma in na yanka shi, wa zai taso ya tare ni?"

Salima ta ja tsaki, ta janye farantin kifinta can nesa, sannan ta tura masa benci da ƙafa.