Gajere da Ramin da Aka Ce Kada Ya Kai Ruwa

Kawunan mazan ƙauyenmu, nan kusa da Yekuwa, duk ta hannuna suke bi, don ni ne wanzaminsu. Na san mai amosani, na san mai tabon jifa, na san wanda kansa ya fi abin da ke cikinsa girma nesa ba kusa ba. Amma kan da ya fi ba ni aiki shi ne na Gajere mai haƙar rijiya, saboda shi askinsa ba na mutane ba ne.

Al'ada ce ya gada wurin maigidan da ya koya masa sana'a. Ranar da ya kafa dagi a ƙasa ya fara rami, aska ba ta ƙara taɓa kansa sai ramin ya kawo ruwa. Ran da ruwa ya ɓullo sai a aiko a kira ni, in zo bakin rijiyar, in jiƙa masa kai da gugan farko, da lakarsa da komai, in kwashe sumar tas. Don haka ba sai ka tambayi Gajere ina aka kwana a aiki ba. Ka dubi kansa kawai. In ka ga suma ta yi buzu-buzu, to ƙasar tana ba shi wuya, kada ma ka gaishe shi.

Gajere ne na gaske, ba sunan tsokana ba, kuma duk abin da Allah ya rage masa a tsawo ya cika masa shi a baki. Magana ɗaya gare shi, ya faɗe ta a wurin suna, ya faɗe ta a ɗaurin aure, ya faɗe ta har a zaman makoki: "Ni Gajere, ban taɓa fitowa daga rami na bar shi busasshe ba." Mun ji ta har mun gaji. Abin haushin kuma, gaskiya ce.

Sai dai ka zagaya ƙauyukan nan ka tambayi sunayen rijiyoyin da ya haƙa. Wannan Rijiyar Maigari, waccan Rijiyar Alhaji Isufu, ta bayan masallaci Rijiyar Liman. Mutanen kirki, waɗanda wahalar da suka sha a aikin ita ce leƙawa daga sama suna cewa sannu. Shi da rairayi ya yi ta zubo masa a ƙeya, nasa rabon goro ne da "Allah ya saka." A gaban jama'a yakan ce bai damu ba. Amma mutum ba ya iya ɓoye wa wanzaminsa komai. Wata rana ina masa gyaran fuska ya ce mini, "Mamadu, ka san wadda na haƙa a hanyar Dungas? Rijiyar Kuka suke ce mata. Itace ma ya fi ni." Ba shi da ɗa namiji, gonarsa ko jaki ba zai gaji da zagaya ta ba. Wannan cika bakin na busasshen rami shi ne dukan abin da ya tara a duniya.

Daga baya motocin foraj suka shigo, masu huda ƙasa da inji su kafa famfo kafin ka gama mamaki. Nan take muka manta da Gajere, mu da muka girma da ruwan hannunsa. Kyari, abokin aikinsa mai ja masa igiya daga sama, ya koma saƙar zana. Kan Gajere ya zauna ƙwal shekara da shekaru, ina aske shi duk Juma'a kamar kowa, yana zaune yana huci kamar ni na kawo injin.

Ana haka Mushe Maina ya dawo gida. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, irin waɗanda muke kira Mushe, da ya ƙare aikinsa a Magariya, ya zo da matarsa Fanta da wani akwatin rediyo wanda ba a jin waƙa ko labarai a cikinsa. Magana ake yi da shi. Mushe zai zauna ya yi ta murɗe-murɗe, abu yana ƙugi yana shiii, har Allah ya haɗa shi da wani baƙo a wata ƙasa mai nisa. Su tambayi juna, kana ji na? Ina jin ka. Ya garin naku, akwai hadari? Shi ke nan, su yi sallama. Mutumin da in ka gaishe shi a hanya sai ya ɗaga maka yatsa ɗaya, shi ne ke neman wanda zai gaisa da shi a bayan teku.

Wai muryarsa ba ta kai nisan da yake so, sai da hasumiyar ƙarfe ta ɗaura wayar rediyon. Aka kawo ta a mota, gunduwa-gunduwa, ƙarafa masu kama da tsani, aka jibge a gindin danga. Kafin a tsayar da ita kuwa sai an yi mata gindi: a haƙa rami, a jera rodi, a cika da siminti da tsakuwa, don kada iskar farkon damina ta kwantar da ita kan ɗakin wani. Da Mushe ya tambayi wa ya iya rami a garin nan, sai muka tuna ashe Gajere yana da rai.

Ina wurin aka yi cinikin. Mushe ya kafa turaku huɗu a filin bayan gidansa, ya zana layi da toka, ya miƙa wa Gajere wani dogon kara.

"Baba Gajere, in zurfi ya kai tsawon karan nan, sai ka tsaya."

"In tsaya? To ruwan fa?"

"Ba ruwa nake nema ba. Busasshe nake so, ƙaƙas."

"Me za a sa ciki?"

"Siminti. Cike shi za a yi."

Gajere ya dubi karan, ya dubi Mushe, ya dube ni kamar ni na haifi Mushen. A hanya ya yi ta faɗa, wai rami mai kusurwa huɗu gawa ake yi wa. Na ce masa, "Kai dai karɓi aikinka. Rumbunka ko ɓera ya yi ƙaura. Wannan ai ba rijiya ba ce, ba ya cikin lissafi." Ya ce, "Rami rami ne, Mamadu." Amma yunwa ba ta san cika baki ba. Washegari ya kafa dagi, Juma'ar da ta biyo kuma bai zo aski ba.

Mushe ya ga aiki ya kankama, sai ya jera buhunan siminti da rodi a zaure, ya rufe, ya ba Fanta mabuɗi, ya tafi Yamai karɓo takardar izinin kafa hasumiyar a wani biro, wato ofishin gwamnati. Ya ce ba zai daɗe ba. Haka duk mai zuwa neman sa hannu yake cewa.

Ramin bai ɗauki Gajere wani lokaci ba. Da na ji ya kai tsawon kara, na ɗauki zabirata na tafi, don in rufa masa asiri in aske shi da ruwan buta a wuce wurin. Na tarar ƴan zaman hira na gindin itacen bedi sun riga ni. Mutanen da ba su taɓa haƙa ko ramin gyaɗa da zuciya ɗaya ba, sun kewaye shi suna nishaɗi.

"Gajere, yau dai an bar busasshe!"

"A kawo masa tulu ya zuba, kada tarihi ya ɓaci!"

Yana tsugune a ƙasan ramin yana tona ƙasa da yatsa. Na ce, "Fito in yi maka aski." Ya damƙo ƙasa, ya murza, ya kai hanci. Ya ce, "Mamadu, da sanyi." Na ce, "Ba a tambaye ka ba. Fito." Ya ce in tafi da askata, zai aiko.

Kashegari na ga Kyari ya ajiye zanarsa ya nufi gidan Mushe da igiya a kafaɗa. Da na leƙa, kusurwoyin nan huɗu sun fara zama da'ira, karan awo kuma an karya shi an hura wutar shayi.

Za ka ce ina matar gida? Tana nan, lafiyarta lau. Famfon unguwarmu ya lalace tun kaka, kwamitinsa yana ta zama a kan maganar, Fanta kuwa kullum sai ta bi amalanken jaki zuwa ƙauyen maƙwabta neman ruwa. Baiwar Allah ba ta ga komai ba. Tulin ƙasa ya fi dangarta tsawo, ba ta gani ba. Fura dai takan dama mai kauri ta aika bakin rami. In Mushe ya kira ta a waya ya tambayi aiki, sai ta ce, "Malam, ni mace ina na san sha'anin rami? Suna dai ciki." Da rairayi ya fara zubowa, Gajere ya ce sai an ɗaure bango, sai ga mabuɗin zaure ya faɗi daga bakin zanenta daidai gaban Kyari, ita kuma ba ta ji faɗuwarsa ba. Haka simintin hasumiya da rodinta suka gangara ƙasa buhu bayan buhu.

Ni dai tsoro ya kama ni, ba na ɓoyewa. Tsoho ne, ƙirjinsa yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, in Kyari ya jawo shi sama sai ya daɗe kwance kafin ya iya magana. Na ce masa zai mutu a ramin wani a kan maganar da ba wanda ya damu da ita sai shi. Ya ce in ya mutu a ciki, a tabbata dai an ga laka a ƙafarsa. Suma ta rufe masa kunnuwa, fara fat.

Wata Talata da hantsi na ji guɗa daga gidan Mushe. Kafin in isa, dangar baya ta kwanta, mata sun cika fili da bokitai da jarkoki, liman ya riga ya ɗanɗana ya yi addu'a, maigari yana tsaye yana karɓar barka kamar shi ya ja igiyar. Ƴan gindin bedi kuma suna gaba-gaba, kowa yana rantsuwa shi dama ya san Gajere zai yi. Aka zaunar da shi kan turmi, aka miƙo mini gugan farko, na jiƙa kan na fara aiki.

Na aske rabi ke nan sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke Mushe, takardarsa a hannu cikin leda. Ya ratsa mata, ya leƙa inda ya bar turakunsa huɗu, ya ga fuskarsa a cikin ruwa can ƙasa. Ya ruga zaure ya dawo.

"Ina simintina? Baba Gajere, me na ce maka? Me na ce maka da karan nan?"

"Ka ce in tsaya, Mushe."

"To?"

"Ban tsaya ba."

Mushe ya ce yau-yau za a mayar da ƙasar nan a cike ramin. Liman ya gyara rawani, ya matso, ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce ai ba a binne ruwan da Musulmi suka riga suka sha, kuma shi bai taɓa ganin sadaka mai gudana irin wannan ba, mutum ya sayi siminti da guminsa ya shayar da gari. Aka ɗauki amin. Maigari ya ɗaga murya ya ce daga yau sunanta Rijiyar Mushe Maina.

Na ji wuyan Gajere ya saki a hannuna. Ga wata rijiyar kuma ta tafi da sunan wani.

Amma Mushe ya riga ya hau. Ya buga takardar a cinya, jijiyar wuyansa ta tashi. "Kada wanda ya kuskura ya liƙa mini ita! Ni na sa shi? Wallahi duk wanda ya kira ta da sunana sai mun je gaban hukuma! Ɓarnar Gajere ce. Rijiyar Gajere ce, ku kira ta da sunan wanda ya yi ta'adin, kowa ya san shi!"

Kan da ke hannuna ya hau rawa, har sai da na ɗage aska don kada in yanke shi. Ruwa yana bin kumatunsa, kuma ba daga guga yake ba. Ni ma sai da na juya na fyace hanci.

Hasumiya dai tana nan kwance a gindin danga, Fanta tana shanya a kanta, gunduwa ɗaya kuma an gitta ta a bakin rijiyar ana rataya igiya. Mushe ya ɗaura wayar rediyonsa a kan gawo, yana ci gaba da tambayar mutanen bayan teku ko akwai hadari, kuma har yau ba ya amsa gaisuwar Gajere. Gajere bai ƙara haƙa rami ba, ƙirjin ya ƙi. Kullum da hantsi yana zaune kan turmin nan, kai ƙwal. In baƙuwar fuska ta zo ɗiban ruwa, ko makiyayi ya tsaya shayar da dabbobi, sai ya gyara zama ya ce, "Bawan Allah, ni baƙo ne. Wannan rijiyar wa ce?"

A ce masa, "Rijiyar Gajere ce, Baba."

Sai ya kai hannu bayan kunne, wannan kunnen da ke jin faɗuwar goro daga wancan layi.

"Ta wa ka ce?"