Kunya Bakwai a Ƙarshen Filin Jirgi

Shekarar da tsuntsayen jan baki suka sauko mana, dawa ta fara nuna ke nan. Sai su taso daga fadama kamar hayaƙi, kafin ka ɗaga murya sun bar maka kara tsaye. Mun buga gwangwani har kafaɗa ta gaji, mun yi ihu har murya ta dishe. Abin da ya rage mana shi ne ƙaramin jirgin feshi da hukuma ta yi alkawari.

Filin saukarsa tun shekarar baya muka gyara shi. A wajenmu, can gefen Tsanyawa, gona manne take da gona, don haka sai da aka haɗa makiyayar bayan makaranta da wani yanki na gonarmu ta gado, ni da yayana. Aka sare geza, aka cike ramuka. Da yake ni ne malamin makaranta mai waya, aka ɗora min kula da wurin. Ban nema ba. Jirgi kuwa bai zo ba a waccan shekarar.

Da damina ta dawo, yayana ya ɗauki garma ya ja kunya bakwai a ƙarshen filin, ya shuka wake. 'Ya'yansa tara. Na gani, na kawar da kai. Waken ya yaɗu, ciyawa ta rufe shi, daga nesa sai ka rantse ƙasar shimfiɗe take.

Wata Laraba jami'in gona ya kira ni.

"Malam, ya filin?"

"Lafiya lau," na ce.

"Ba wata matsala?"

"Ba komai, sai alheri."

Haka bakinmu ya saba. Ko gidanka ke ci da wuta aka ce ya gida, lafiya lau za ka fara cewa. Sai da na kashe wayar na gane ba gaisuwa yake yi ba, tambaya ce.

Bayan la'asar na sami yayana, na ce mu baje kunyoyin nan. Ya dube ni a gajiye.

"Haba Malam, kwana goma ya rage wa waken nan. Bara ma cewa suka yi suna tafe."

Gaskiyarsa ce, kuma ni ma na gaji da jiran gawon shanu. Na koma gida ban kira jami'in na gyara maganata ba.

Washegari da hantsi muka ji ƙara. Jirgin ya kewaya sau biyu, ya sauko, tayoyinsa suka taɓa ciyawa. Yana gudu yana rage gudu, har na fara sakin numfashi. Sai ya ci karo da kunyar farko. Ya yi tsalle, ya daki ta uku, hancinsa ya kife ƙasa, farfela ta karye, wutsiya ta tashi sama kamar kaza na tsattsaga.

Matuƙin ya fito da kansa, goshi na jini, hannu ɗaya na lilo. Bai zagi kowa ba. Ruwa ya nema, ya sa ƙafa ya ture ganyen waken, ya tsaya yana kallon kunyar.

Da jami'ai suka tambayi mai waken, na ce nawa ne. Yayana yana tsaye a bayana, bai yi tari ba. Na ji haushinsa, amma na fi jin haushin kaina.

Aka zo da babbar mota aka kwashe jirgin, ba a turo wani ba. Cikin mako biyu tsuntsaye suka gama da dawar gari. Ba wanda ya faɗa min baƙar magana, gaisuwa ce kawai ta gajarce a ƙofar masallaci, kuma ta daɗe ba ta koma yadda take ba.

Kafin sanyi ya shiga sosai, rumbuna sun nuna gindi, magidanta suka fara fita ci-rani. Yayana na cikin motar farko. Ya leƙo ta taga, bai iya haɗa ido da ni ba.

"Ga yaran nan, Malam," ya ce.

Motar ta tashi. Na juya na same su tsaye su tara, suna jiran in ce musu wani abu.