Manjon da Muka Binne a Manchok

Babanmu kuku ne. Na fara da wannan don ya fita daga bakina tukuna, tunda ranar da ya kamata in faɗa a gaban jama'a ban faɗa ba. Ya shiga soja yana saurayi lokacin yaƙin basasa, ya yi shekara ashirin da ɗoriya, ya fito da igiya biyu a hannun riga, wato kofur. Duk tsawon wannan lokaci muciya da ludayi ya riƙe. An ba shi bindiga kamar kowa, amma ya ce aikinta ɗaya, ta riƙa dukan bayansa idan yana tuƙa tuwo.

Mamanmu ta rasu ina aji biyu a firamare, bai daɗe da dawowa gida Manchok ba. Dangi suka taru a kan ya ƙara aure, don a wurinmu namiji ba ya shiga madafa. Ya saurare su har suka gama, sannan ya tashi ya hura wuta ya dafa musu gwaten acca da yakuwa. Suka sha, suka ƙara, maganar aure ta mutu a nan. Shi ya raine mu, mu uku, ni da yayyena maza biyu. Da hantsi za ka same shi tsugune yana rege acca a ƙwarya, ba ya barin tsakuwa ko ɗaya. A hannunsa na dama akwai wani tabo mai sheƙi daga wuyan hannu har gwiwa. Idan muka tambaya sai ya ce, "Wake ne," ya ci gaba da aikinsa.

A makaranta 'ya'yan kuku ake ce mana. Ni abin bai dame ni sosai ba, amma Yaya babba kamar ya mutu. Shi ya fara yaɗa cewa tabon nan na harsashi ne. Zai wuni yana cika yara da labarin mutanen da Baba ya harbe, ya dawo gida ya share kwano biyu na wake da riɗi, ya miƙa a ƙara masa. Tun a lokacin na raina shi, kuma girma bai sa na daina ba. Ya tafi Abuja ya yi tumbi, ɗayan ya zauna a Kaduna yana amsa masa amin a kan komai. Ni na zama malamar makaranta a Kafanchan, duk Asabar ina shiga bas in je in duba tsohon. Har ya tsufa tukuf bai taɓa yarda na dafa masa ba, wai hannuna ya cika gishiri.

Ya rasu da damina. Aka kai shi mutuware, ɗakin ajiye gawa, a Kafanchan, ya kwanta can mako bakwai yana jiran 'ya'yansa su gyara gidan da za a yi baƙi. Kwanon ɗakin da ya yi shekaru yana yoyo a kan gadonsa, cikin kwana uku aka canza shi. Aka shafa fenti har a jikin bishiyar mangwaro. Madafarsa kuwa, ɗan ɗakin nan mai baƙin bango inda ya ciyar da mu, Yaya ya sa aka rushe, wai tana ɓata fuskar gida kuma ana bukatar filin ajiye motoci. Babbar tukunyar ƙarfen da ya zo da ita daga bariki aka gangara da ita bayan gida wajen aladu. Aka ɗauko masu girkin haya daga Kaduna su ciyar da jama'a a jana'izar mutumin da babu bikin da aka yi a unguwar nan ba shi ya tsaya a kan tukunya ba.

Ana saura kwana biyu Yaya ya miƙo mini ɗan littafin jana'iza da ya bugo. A bangon akwai kan Baba, an ɗora shi a kan kafaɗun wani ƙato mai lambobi a ƙirji, wuyan ma bai zauna daidai ba. A ƙasa an rubuta Manjo mai ritaya. A ciki kuma tarihin marigayi ne: ya jagoranci dakaru, ya ƙwace gada, harsashi ya same shi a hannu bai ja da baya ba. Babu tukunya ko ɗaya a duk shafuka huɗun.

Na ce, "Yaya, Baba fa kuku ne."

Ya ce, "Ya sa kaki ko bai sa ba? To ya isa. Sista, manyan mutane za su zo, kuma kin san ina da niyyan fitowa takara. Ba za mu yi disgires na famili ba. Ke ne ticha, ke za ki karanta a coci."

"Idan na ƙi fa?"

"Wanda ya mutu ba ya karanta furogiram," in ji shi, ya juya yana yi wa masu kafa rumfa faɗa.

Na koma Kafanchan ina tafasa. Na cika wa mijina baki cewa zan hau gaban majami'a in ajiye takardar nan in faɗi gaskiya, kowa ya ji, Yaya ya haɗiye takararsa. Har na tsara kalmomin, na yi ta maimaita su a bas muna wuce gindin dutsen Kagoro. Mijina ya dube ni irin kallon wanda ya san kayansa.

Ranar ta zo. Majami'a ta cika maƙil, 'yan zumuntar mata sun gama waƙa sun ajiye tulunan kiɗansu, fasto ya kira ni. Na tsaya na ga layin gaba, manyan riguna da agogo da mata masu gwaggwaro, na ga idon Yaya a kaina. Sai kawai na buɗe littafin na karanta. Ban tsallake kalma ba. Da muryar aji na karanta, har ina dakatawa a wurin gada don maganar ta shiga. Layin gaba suna gyaɗa kai. Can baya kuwa, tsofaffin matan unguwa da suka sha gwaten Baba shekara da shekaru sun sunkuyar da kai, ɗaya ta toshe baki da gefen zane. Da na sauko Yaya ya dafa kafaɗata ya ce na yi ƙoƙari.

Bayan an rufe kabari da azahar aka koma gida cin abinci. Wani tsoho yana zaune a kan dutse a wajen rumfa, da sanda da tsohuwar hular soja da ta koɗe. Daga Godogodo ya hau mashin ya zo, ba wanda ya ba shi kujera, an dai ajiye masa shinkafa a robar da ake rabawa. Ya yafito ni da hannu.

"'Yata, kai ne ka karanta tarihi?"

Na ce ni ce, Baba.

"Ka iya karatu," in ji shi. "Amma ni Kofur na zo binnewa. Wannan Manjo ban san shi ba."

Na rasa inda zan sa idona. Shi kuwa ya ci gaba a hankali, ba faɗa a muryarsa.

"Lokacin yaƙi, kwana uku muna cikin rami, an yanke hanya, ba abinci. Yaran soja suna kuka, manya suna cin ganye. Babanka ya ɗauki tukunyan wake a kai, daga wuta, ya tako ana harbi ta ko'ina. Ya yi tuntuɓe, ruwan wake ya zubo masa a hannu, fata ya saluɓe. Bai yar da tukunya ba. Da wannan hannu ya raba mana, kowa ludayi ɗaya. Ni ne na riƙe masa kwano."

Duk rayuwata ina ganin tabon nan. Ya gaya mana wake ne, kuma gaskiya ya faɗa, mu ne ba mu taɓa cewa wane wake ba. Muka ɗauki abin da ya fi gada da harsashi muka jefar, muka saya masa ƙarya mai araha muka liƙa masa, don kada masu agogo su san ubanmu ya ciyar da mutane.

Tsohon ya dogara sanda ya miƙe. Ya ce shi ba zai je kabarin ba, sunan da ke jikin gicciyen ba na abokinsa ba ne. "Kai ni kicin ɗinsa in yi masa sallama."

Na wuce gaba yana bina. Na kai shi filin da aka share, na nuna masa wurin, tsakanin wata baƙar jif da motar masu girkin haya. Ƙasar wurin har yanzu baƙa ce, inda duwatsun murhu suka zauna. Ya jingina sandarsa a jikin jif ɗin, ya haɗa ƙafafu da ƙyar, ya ƙame, ya sara wa ƙasa. Direbobi suna ta dariya. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗauki sandarsa ya tafi neman mashin, shinkafar tana nan a kan dutse bai buɗe ba.

Yaya bai ci ko zaɓen fid da gwani ba, amma har yau a Abuja ɗan Manjo ne. Shi ban sa ran komai daga gare shi ba, tun yana ɗan aji huɗu na san ko shi wane ne. Wadda na fi rainawa ita ce malamar da ta san gaskiya, ta haddace ta a bas, ta hau gaban majami'a ta karanta ƙarya ba tare da ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Tukunyar na ƙwato ta daga wajen aladu, na wanke, tana ɗakina a Kafanchan. Mijina ya ce in riƙa dafa wake a ciki lokacin Kirsimeti. Har yanzu ban iya ɗora ta a wuta ba.