Ƙwaryar Goggo

Shekarar da aka sauke tutar Turawa, babu wanda ya kai mijina iya bayanin 'yancin kai a Illela. A zaure yake zama, hula a karkace, yana maimaita wa maƙwabta abin da rediyo ta faɗa, sai ka ce su ba su da kunne. In ya shigo cikin gida kuma, bulalar raƙumi ce ke ƙarasa jawabin. Laifina karatu. Ɗalibar mahaifina ce ni, malami a Kalmalo, kuma aure bai raba ni da littattafaina ba. Shi kuwa ko takardar kwastan sai an karanta masa.

Ranar da ya karya mini haƙori ban yi yaji ba. Na taɓa yi, aka mayar da ni da goro da "yi haƙuri", dukan ya ƙaru. Mutum ɗaya na gaya wa: goggona, mai kawo mini bandar kifi a ƙwarya daga Kalmalo duk ranar kasuwa. Ta duba bakina, ta ce kada in canja fuska, kada in tanka masa kusa da taɓarya.

A wurinmu ba a mayar da ƙwarya babu komai. Duk mako sai in zuba mata gero a sama, a ƙasa zane ko tasa. Littattafan na fara fitarwa, ɗaya bayan ɗaya. Ya lura babu su, ya shelanta wa abokansa cewa ya yi maganin karatun. Kwanonin jere kuwa na baya na zare, na bar na gaba. Bai taɓa kallon ɗakin ba sai in yana neman abin jifa.

Safiyar da zai kai goro Ƙwanni, inda zai yi kwana uku, Goggo ta zo da jaki. Sauran kayana suna cikin buhu ɗaya mai nauyi. Muna jansa ya tare mu a zaure, cikin mutane.

"Mi ke cikin buhun ga, Goggo?"

"Abin da ka saba ba mu ne, ɗana."

Ya dubi jama'a, ya naɗe hannun riga, ya aza buhun kan jakin da kansa. Ya ce su shaida, gidansa ba a fita hannu rabbana.

Da hantsi, bayan ayarinsu ya wuce, na ja mayafi na bi sawun jakin.

A gaban alƙali ya ce sace masa kaya muka yi. Na buɗe baki na nuna gurbin haƙorin. Goggo kuma ta kira mutanen zaure, suka shaida kamar yadda ya roƙa.