Wuƙar Malam Iro ba kube

Jini na fara gani kafin in ji salatin mai keke. Mun taso daga unguwar Kongo za mu Tudun Wada a kekensa mai ƙafa uku, ya kauce wa ɗan acaɓa, muka karkata gefe guda. Nan take wuƙar sassaƙa ta huda buhun da Malam Iro ya rungume, ta shige gwiwar wata malamar firamare da ke gefensa.

Shi yake sassaƙa wa makarantata alluna. A bakin asibiti na ce, "Malam Iro, ina kubenta?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, damina ce. Fata tana riƙe danshi, ƙarfe ya yi tsatsa. Shi ya sa na cire."

Na ce, "Ka ji tausayin ƙarfe, ka manta da jikin mutane?"



Likita ya ce jijiya ta yanke, da wuya ƙafar ta koma daidai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Addini ya hore mu da rufe kaifi in za mu ratsa jama'a. Ku sa baiwar Allahn nan a addu'a. Masu sana'a, yaya kuke ɗaukar naku da damina?